Furfura Ta Fito, Mun Ce Ƙura Ce

Turawa dai akwai ƙarfin hali. Abin da mu muke yi a ɓoye, cikin banɗaki, ƙofa a sakace, su sai su tara kuɗi su ɗauko kyamara su yi fim a kansa, su kai sinima duniya ta biya ta shiga ta yi musu dariya. Mu kuma da ba ma ƙin banza, mu baje a majalisa mu kalla, mu yi ta ƙyaƙyatawa har da hawaye muna cewa, "Kai, tsofaffin nan ba su da ta ido!" Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Fim ɗin da ya jawo zancen shi ne Wild Hogs, wanda Walt Becker ya ba da umarninsa, ya fito a watan Maris na 2007. Abokai huɗu ne a garin Cincinnati na jihar Ohio a Amurka, duk rana ta fara yi musu la'asar. Akwai Doug, wato Tim Allen, likitan haƙori, kitse ya yi masa yawa a jini, matarsa ta tsare shi da ganye yana ji yana gani ana cin nama a gabansa. Akwai Woody, John Travolta ke nan, wanda abokai ke ɗauka har yanzu da kuɗinsa, nan kuwa aljihu ya bushe, matar ma ta kama gabanta. Akwai Bobby, Martin Lawrence, mai gyaran famfo, mijin-ta-ce na ƙin ƙarawa. Sai Dudley, William H. Macy, masanin kwamfuta, wanda in mace ta yi masa sallama sai harshensa ya sarƙe. Kowanne da babur ɗinsa Harley-Davidson da baƙar rigar fata, amma iyakar tafiyar daga gida zuwa mashaya, a dawo kafin dare ya yi nisa. Rana ɗaya suka ce sun gaji, za su hau babura su nufi bakin teku a Kalifoniya, ko sa tsinto samartakar da ta faɗi a hanya. Bobby bai iya gaya wa matarsa gaskiya ba, ya ce mata taron masu gyaran famfo zai je. Wannan wurin ko fassara ba mu nema ba, domin mu ma mun sha zuwa "taron bita a Kaduna" wanda ba wanda ya kira shi.

Da za su tashi suka zubar da wayoyinsu, wai kada gida ta dame su. Nan ne kaɗai muka haɗa baki muka ce ƙarya ne, wa zai jefar da waya da kati a ciki? Da suka yada zango tantinsu ya ƙone. Suka faɗa mashayar 'yan babur na gaske, wasu 'yan daba da ake kira Del Fuegos, Ray Liotta ne ogansu, aka raba Dudley da babur ɗinsa. Woody ya lallaɓa ya sato shi, ya yanke wa 'yan daban tiyon mai, wuta ta tashi mashaya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa gogan ya dawo ya ce wa abokai ai da baki kawai ya tsorata su. Mai ya ƙare musu a daji, suka tura babura har wani ɗan ƙauye mai suna Madrid, ba ta Sifaniya mai ƙwallo ba, wata ce a jihar New Mexico. Can suka je marin bijimi a gindi don a san su maza ne, can Dudley ya samu bakin yi wa Maggie mai gidan abinci magana, can kuma 'yan daba suka cim musu suka yi musu lilis. Su dai ana kayar da su suna tashi, har sai da Peter Fonda ya iso ya raba, shi da ya hau babur a fim ɗin Easy Rider tun 1969, lokacin Travolta yana ɗan shekara 15. Masu sharhin finafinai sun yi wa fim ɗin kaca-kaca, amma ya tara sama da dala miliyan 250. Ni dai na ce masu furfura ne suka cika sinimar, kowa yana zungurar na kusa da shi yana cewa, "Ga ka can."

Kafin shi ma an yi City Slickers a 1991, inda Billy Crystal ya cika shekara 39 duniya ta yi masa zafi, shi da abokansa biyu suka bar birnin New York suka tafi korar shanu na mako biyu daga New Mexico zuwa Colorado. Ku ji fa, jama'a, kuɗi suka biya don a bar su su yi kiwo! Da labarin ya kai ruga, da Ardo ya ce su taho, kyauta ma, har da nono. Jack Palance da ya fito a tsohon makiyayin ya ci kyautar Oscar a 1992, yana da shekara 73, ya hau dandamali ya karɓa, sai kawai aka ga dattijo ya kife a ƙasa yana ɗaga jikinsa da hannu ɗaya, don kada wani ya ce ya tsufa. Abin da aka yi da wasa a fim, shi ya yi shi da gaske a gaban duniya.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu duba ƙarƙashin ƙafarmu. Tamu matsalar ta fi tasu sarƙaƙiya, domin su ƙuruciya kawai suka fita nema. Mu kuwa biyu muke so a kwano ɗaya, girman tsufa da daɗin ƙuruciya. Muna son kujerar gaba a wurin ɗaurin aure, a miƙo mana goro da hannu biyu, a durƙusa a gaishe mu, a ce sai abin da Alhaji ya ce. Amma ranar da ɗan adaidaita sahu ya leƙo ya ce, "Baba, ina za ka?" ranar tuwon dare ba ya wucewa da daɗi. "Wane ne babanka? Ni na haife ka?" Alhali in aka yi lissafi na tsakani da Allah, ɗanmu na biyu ne sa'ansa. Hajiya kuwa, yarinyar shago ta kuskura ta ce "Mama" a inda ya kamata ta ce "Anti," cinikin ya watse ke nan, ko da ragi.

Shekarunmu kamar farashin tumatir suke, hawa da saukarsu ya danganta da kasuwar da aka kai su. A taron dangi, wajen wa zai yi walicci, wa zai raba faɗa, wa za a fara miƙa wa ƙafar rago, kowa ƙari yake yi. "Kai yaro, yi mana shiru, na ba ka wata bakwai, ina zaune aka shigo da labarin haihuwarka." Ɗan wata bakwai da jin labari! Daga nan sai a jawo karin magana a kafa hujja: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma wannan babban mai hangen nesa, bari gari ya waye ya shiga ofis. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ritaya. Nan take za ka ga takardar rantsuwar shekaru ta fito daga kotu da hatiminta, wa ya koma ƙane, har ƙanen ya yi ritaya ya bar yayansa a kujera da sauran shekara shida. Hidimar ƙasa ma haka: wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a an yafe masa, shi ya sa sansanin horo yake cike da 'yan shekara 29 masu sanƙo da 'ya'ya a sakandare. A ƙwallo abin ya kai sai da FIFA ta shigo da na'urar duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka buga a Najeriya a 2009, domin ƙashi ba ya zuwa kotu ya yi rantsuwa. Yanzu ga NIN ga BVN sun zo sun tsaya mana a wuya, mutum ɗaya ranar haihuwa uku, kuma rabin unguwa ranar 1 ga Janairu aka haife ta. Allah Ya saka wa ungozomomin wannan rana da alheri, sun sha aiki.

A siyasa kam ba a magana. Yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta ce matashi daga 15 ne zuwa 35, a 2018 kuma aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Duk mun tafa. Sannan muka koma mazaɓa muka sake zaɓen shugaban matasanmu, wanda ya nemi a ɗage taron saboda ranar ake sunan jikarsa.

Sai batun gemu, kuma a nan ina roƙon kowa ya sunkuyar da kai, kada a kalli kowa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muka ga na ɗan'uwa ya kama da fari, baƙin rini muka shafa wa namu. Daren Alhamis ake aikin, saboda gobe Juma'a. A samu murfin kwalba ko tsohon gwangwanin madara, a zuba garin, a ɗiga ruwa, a dama da tsinken ashana, a ɗauko tsohon buroshin goge baki da aka ɓoye a bayan madubi. A rufe ƙofa a ce wa yara Baba yana wanka. Wankan minti arba'in, ba a jin ƙarar ruwa. A fito da gemu baƙi wuluk, baƙin da ko muna da shekara ashirin ba mu taɓa yin irinsa ba, ga ɗigo a gefen kunne, ga wani a wuyan singileti, ga farcen babban yatsa ya tona asiri. Kwana huɗu sai farin ya leƙo daga tushe, gemu ya zama hawa biyu. Masu tsoron Allah a cikinmu sun koma lalle, su ce sunna ce, kuma gaskiyarsu, sai dai sunnar ba ta taɓa tuno mu ba sai da furfura ta fito. Wasu suka ce wa wanzami ya kwashe komai tas, kai da haɓa, wai saboda zafi, ko da kuwa ana tsakiyar hunturu. Wanda aka kama da 'yar fara ɗaya a gira ya ce gadon gidansu ne, suna yin ta da wuri. Wani ya ce ƙurar hanya ce. Wani ya ce tunanin kuɗin makarantar yara ne, shi kam ba mu musa masa ba.

Ido ma ba ma yarda ya gaza. Saƙo ya shigo waya, mu miƙe hannu har ƙarshensa, mu ƙanƙance ido, mu ce masu wayar nan ne suke ƙaranta rubutu. Tabarau yana aljihu, amma ba za a fito da shi a gaban mutane ba, sai a miƙa wa yaro: "Karanta mini, hannuna da maiƙo." A fim ɗin can, da Doug ya ji matarsa ta yarda cewa ya tsufa, sai ya fusata ya hau cin duk abin da aka hana shi, har da sandar man shanu, ya ƙare a gadon asibiti. Mu mun fi shi dabara. A gida mu ci tuwon da ba gishiri ba magi, mu sha shayi ba suga, mu yaba wa uwargida da kula. Da magariba mu ce za mu miƙe ƙafa kamar yadda likita ya ce, ƙafar ta miƙe har teburin mai balangu, a ce ya sa ta wajen kitsen, a kora da lemon kwalba mai sanyi, a goge baki da kyau. Washegari awon jini ya hau, mu ce na'urar ce ba ta da batir.

Jiki magayi. Ku zo filin makarantar firamare da safiyar Lahadi ku ga ƙwallon tsofaffin 'yan wasa. Tun daga nesa warin man zafi zai tare ku, Robb da Aboniki sun gauraye, kowace gwiwa da bandejinta, kowace riga ta ɗage a kan tumbi ta bar cibiya a waje. Kafin a fara, kowa ya ba da tarihinsa: wannan saura ƙiris Raccah Rovers ta ɗauke shi, wancan babansa ne ya hana, da yanzu wani zancen ake. A busa usur. Minti bakwai ana gudu na gaske, daga nan sai wasan ya koma na baki, kowa ya kafe a inda yake, hannu a ƙugu, yana nuna wa wani inda ya kamata ya gudu. Mai tsaron gida ya ga ƙwallo tana zuwa ta kusurwa, ya yi lissafin faɗuwa da tashi da kuɗin mai ɗori, ya raka ta da ido. In tsautsayi ya sa aka saka wani ɗan shekara sha tara don cike gurbi, ya zuba mana huɗu, sai mu ce yaran yanzu ba su da tarbiyya. Ranar Litinin a ga mutum yana sallah a kan kujera, a tambaye shi, ya ce santsin banɗaki ne.

Tafiyar babur ɗin ma muna da irinta, a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai take. Can ne alƙali da farfesa da babban ɗan kasuwa suke komawa sunayen da aka laƙaba musu a aji biyu, a yi ta tsokanar juna har ƙarfe ɗayan dare, gobe kowa ya je ofis yana muzurai. Can ne kowa ya zo na ɗaya a aji, har ka rasa wanda ya riƙe mana na talatin. Can ake tuna tsallake katanga a tafi sinimar Plaza ko Eldorado kallon Indiya, da wando mai faɗin ƙafa, da Vespa ta aro da aka je zance da ita ta mutu a ƙofar gidan su yarinyar. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana, mu kuwa ba bara muke tunawa ba, shekara talatin muke tsallakewa. Duk shekara sai wani ya kawo shawarar a yi tafiya Yankari, mu kaɗai ba iyali, a yi wanka a ruwan ɗumin Wikki kamar da. A kafa kwamiti, a naɗa ma'aji, a buɗe asusu. Da ranar ta matso, wannan bayansa ya riƙe, wancan Hajiya ba ta sa hannu ba, wani ya tambaya ko akwai asibiti kusa, wani ya ce in dai ba a jirgi ba shi ba ya iya zaman mota. A ƙarshe a yanka rago a gidan shugaba, a ci, kowa ya haɗiyi ƙwayarsa ta hawan jini, kafin isha'i an watse. Su Travolta ko ba komai sun bar gari.

Amma babbar hanyarmu ta komawa ƙuruciya kowa ya san ta, ba sai na rage murya ba. Ranar da ka ga maƙwabci ya sauya turare, ya koma ɗinkin matasa mai kama jiki wanda aljihunsa ba ya ɗaukar hannu, ya kafa hula a goshi, yana amsa waya a bayan mota yana murmushi shi kaɗai, to ka fara tanadin kuɗin gudummawa. Zai ce taimako ne, zai ce raya sunna ne, zai ce mata sun yi yawa a gari. Duk mun ji, Allah Ya ba da lada. Sai dai daga ranar zai fara sanin sunayen mawaƙan da 'ya'yansa ke saurare, shi da bai san kowa ba bayan Shata da Ɗan Maraya, ya koyi tura hoton zuciya a waya, ya zauna zance a kan benci sauro na cizo, gwiwa na ƙara, yarinya na ce masa "Alhajina" yana jin kansa ɗan ashirin da biyar. Sannan a same shi a tasha, kusa da motar mai magani da lasifika, yana kallon wani wajen kamar mota yake jira. In an watse ya matsa: "Malam, wani abokina ne ya aiko ni." Kowa abokinsa ne ya aiko shi. Har yau ba a taɓa ganin abokin nan ba, bawan Allah, ga shi da lalura iri-iri.

Kada iyayenmu mata su yi dariya da yawa, don layi ya zo kansu. Wa ya ƙirƙiro ranar iyaye a biki, inda uwar amarya da ƙawayenta za su fitar da ankonsu daban, su kira mai kwalliya ta zana musu gira, su shiga fili su hana 'yan mata sakat? An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, su kuwa suka ce a mayar da kiɗan baya, a sa na ƙwarya, a sa Barmani Choge, su nuna wa yara yadda ake yi. Takalmi mai tsini a ƙafa, silifa a cikin jaka tana jiran a fito. Gobe a kira 'yar aiki ta taka musu baya. Hoton da ke kan wayarsu an wanke shi an goge har ɗan cikinsu sai ya duba sau biyu. Jikoki kuwa an ja musu kunne tun suna rarrafe, ba Kaka a gidan nan, sai Ammi, sai Momi, sai Hajiya ƙarama. Shekarunsu sun tsaya a 38 tun zaɓen da ya wuce na gaban wanda ya wuce, ga babbar 'yarsu tana neman kamo su.

Duk wannan shiri namu mutum ɗaya ke rushe shi, kuma kowane gida da tasa: tsohuwar da ba ta san kalanda ba amma ba ta mantuwa. Ita ba ta ƙirga da lamba, da abin da ya faru take ƙirgawa. Wane, shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972 ke nan. Wance, ana zaman makokin Murtala, 1976. Wane kuwa shi ne aka kai makaranta aka ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, hannun ya wuce kunnen har haɓa. Ba ta da mugun nufi, ita a ganinta yabo take yi. Sai an taru ana gaisuwar surukai, ango ya sha rini ya sha turare, an gaya wa dangin yarinya shekararsa 42, kowa ya yi shiru ana addu'a, sai Gwaggo ta gyara zama ta dube shi da ƙauna ta ce, "Allah Sarki, ɗan nan! Kamar jiya aka haife shi, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Ni na riƙe shi ranar suna." Naira kuwa tun Janairun 1973 ta shigo, kuma a cikin dangin amarya akwai malamin lissafi.